Daidaita Kamannin Takardun Hukuma a Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa: Darasi Daga Tashar Jirgin Ƙasa ta Kano

Gabatarwa

Kowace takarda da ta fito daga ofishin hukuma tana ɗauke da abubuwa biyu. Na farko shi ne saƙon da aka rubuta a cikinta, na biyu kuma shi ne kamanninta, wato tambari, da launi, da irin haruffan da aka yi amfani da su, da wurin da aka tanada domin lamba da kwanan wata da sa hannu. Da yawa daga cikin jama'ar karkara ba sa iya karanta Turancin da ke cikin rasit ko takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, amma suna gane takardar da kamanninta. Idan ofishi ɗaya yana fitar da takardu masu kamanni iri-iri, yau da wannan tambari gobe da wancan, to talaka ba shi da hanyar da zai bambance ta gaskiya da ta jabu, kuma an buɗe wa 'yan damfara ƙofa ke nan.

Wannan bayani an shirya shi ne domin ma'aikatan ƙananan hukumomi, da sakatarorin hakimai da na dagatai, da masu buga takardu, da sauran al'umma, domin a fahimci yadda ake tsara kamannin takardu a na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, da kuma yadda ake kula da wannan tsari domin kada ya wargaje.

Abin da tashar jirgi ta koyar

A shekarar 1907 aka fara shimfiɗa layin dogo daga Baro, a gaɓar kogin Kwara, zuwa Kano, kuma ya iso Kano a 1911. A 1912 aka haɗe wannan layi da na Gwamnatin Legas suka koma ƙarƙashin sashe ɗaya na gwamnati, sannan a 1955 aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya. Tashar Kano, wadda ke maƙwabtaka da Fagge, tsohon zangon fatake, ta jawo 'yan kasuwa da akawuna da ma'aikata daga kudancin ƙasar nan, waɗanda da yawansu suka zauna a Sabon Gari. Ta wannan tasha ce gyaɗa da fatu da ƙiraga suka riƙa tafiya zuwa bakin teku, tafiyar kimanin kilomita 1,126 zuwa Legas.

Abin lura a nan shi ne, jirgin ƙasa ba ya tafiya sai da daidaito. Faɗin tsohon layin ƙafa 3 da inci 6 ne, wato milimita 1,067, tun daga Legas har Kano, har zuwa Nguru inda reshe ya kai a 1930. Taragon da aka ƙera bisa wannan awo zai bi kowane sashe na layin ba tare da an sake masa ƙafa ba. Haka al'amarin yake game da takardu. Tikitin da aka yanka a Kano dole ne mai duba tikiti a Zariya ko Minna ya gane shi da kallo ɗaya, takardar kaya kuma dole ne akawun da ke Legas ya san inda zai nemi nauyi da sunan mai kaya da tashar da aka yi lodi. Ba a barin kowane shugaban tasha ya zana fom ɗinsa yadda ya ga dama. Hedikwata ce ke tsara samfuri, a buga shi da yawa, a rarraba wa tashoshi.

A wancan zamani maɗaba'a ce ke tsare wannan daidaito, domin akawu ba shi da ikon canza abin da aka riga aka buga, sai dai ya cike gurabe da alƙalami ko tafireta. Da kwamfuta ta shigo ofisoshi a shekarun 1990 da 2000, sai kowane mai buga takarda ya zama tamkar maɗaba'a mai zaman kanta. Yana iya sauya tambari, ya ƙara masa girma, ya canza haruffa cikin ɗan lokaci. Wannan sauƙi ne, amma shi ne kuma tushen rikicewar da ake gani a yau.

Mene ne kundin salo?

Masana harkar rubuta takardu a kwamfuta sun daɗe da gano cewa maganin wannan matsala shi ne raba saƙo da kamanni. Mai rubutu ya rubuta saƙonsa, ya nuna cewa wannan layi kanu ne, wannan sakin layi ne, wannan kuma jadawali ne. Dokokin da ke faɗin yadda kanu zai kasance, da girmansa da launinsa da tazarar da ke tsakaninsa da rubutu, sai a tara su a wuri guda. Wannan wuri shi muke kira kundin salo a cikin wannan bayani.

A shafukan intanet ana kiran wannan tsari da CSS. An gabatar da shi a 1994 a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janeba, aka amince da shi a matsayin ƙa'ida a watan Disamba na 1996. A Microsoft Word da LibreOffice, waɗanda aka fi sani a ofisoshinmu, dokokin salo suna zaune ne a cikin fayil na musamman da za mu kira uwar takarda. A Word, tun daga fitowar 2007, sunan irin wannan fayil yana ƙarewa da dotx, a LibreOffice kuma da ott. Manyan manhajojin rubuta littattafan jagora, irin su MadCap Flare da Adobe FrameMaker, su ma bisa wannan tunani aka gina su: a rubuta bayani sau ɗaya, a fitar da shi a matsayin littafi ko shafin intanet, dukkansu da kamanni ɗaya.

Tsari mai kyau yana da hawa uku. Hawa na farko shi ne alamomin hukuma kansu, wato tambari, da launuka, da sunan haruffan da aka zaɓa, da cikakken sunan ofishi da adireshinsa. Hawa na biyu shi ne dokokin salo, waɗanda ke faɗin inda za a yi amfani da kowace alama. Hawa na uku shi ne uwar takarda ta kowane irin aiki: ta wasiƙa daban, ta sanarwa daban, ta rasit daban, ta rahoton taron majalisa daban. Kowane hawa yana ɗauko abin da yake bukata daga wanda ke samansa.

Amfanin ware hawa na farko shi kaɗai yana bayyana ne ranar da aka sami sauyi. A ce ofishi yana da nau'in takardu 30, kuma an rubuta adireshi da hannu a kan kowace. Idan ofishin ya tashi zuwa sabuwar sakatariya, sai an gyara wurare 30, kuma da wuya a rasa wanda aka manta. Idan kuwa adireshin yana wuri guda ne, sauran takardun suna ɗauko shi daga can, to gyara ɗaya ya wadatar. A Word da LibreOffice wannan ɗaukowa ba ta faruwa da kanta a kowane hali, musamman ga takardun da aka riga aka rubuta, saboda haka wajibi ne jami'in da ke kula da tsarin ya sabunta kowace uwar takarda, ya janye tsohuwar.

Sauye-sauyen da muka shaida

Irin wannan sauyi ba baƙon abu ba ne a wannan jiha. An ƙirƙiri Jihar Kano ranar 27 ga Mayu, 1967, sunan lardi ya kau daga kan takardu. Ranar 1 ga Janairu, 1973, naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule, dole aka sake duk wani rasit da fom mai gurbin kuɗi. Gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976 ya zo da sababbin sunayen ofisoshi da muƙamai. Ranar 27 ga Agusta, 1991, aka cire Jihar Jigawa daga Kano, ofisoshin Dutse da Haɗejiya da Gumel da Kazaure suka wayi gari da takardu masu sunan jihar da ba tasu ba. Yawan ƙananan hukumomin Kano ma ya yi ta sauyawa kafin ya tsaya a 44. Bayan zuwan wayar salula a 2001, lambobin wayar girke masu farawa da 064 suka daina amfani sannu a hankali, amma suka daɗe a kan wasiƙu saboda ba wanda aka ɗora wa alhakin cire su.

Tambarin ƙasa ma ya ga sauyi. Garkuwa baƙa mai farin zane da ke nuna haɗuwar kogin Kwara da na Binuwai, da fararen dawakai biyu, da jar mikiya a sama, suna nan tun 1960. Amma taken da ke ƙasansa, wanda da farko yake magana a kan haɗin kai da imani kaɗai, an faɗaɗa shi a ƙarshen shekarun 1970 ya haɗa da zaman lafiya da ci gaba, kuma haka yake a sashe na 15 na Tsarin Mulkin 1999. Mai buga takarda da ya kwaso hoton tambari daga intanet ba tare da dubawa ba yana iya ɗora tsohon take, ko mikiya mai launin da ba nata ba. Bugu da ƙari, Dokar Tutoci da Tambura ta 1960 ta hana amfani da tambarin ƙasa ba bisa izini ba, saboda haka ba abu ne da kowane shago zai riƙa liƙawa a kan takarda ba.

Matsalar haruffan Hausa masu lanƙwasa

Ofishin da ke fitar da sanarwa cikin Hausa yana da ƙarin nauyi, domin dole ne haruffan da ya zaɓa su kasance suna da ɓ da ɗ da ƙ, manya da ƙanana. Neman daidaita rubutun Hausa na boko ya faro tun 1912, lokacin da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutu. Marubutan farko wasu suna sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu alama a gefensa. A shekarun 1930, zamanin Hukumar Talifi ta Zariya ƙarƙashin Dokta Rupert East, haruffa masu lanƙwasa suka sami karɓuwa, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Janairun 1939 ta taimaka wajen yaɗa su. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, aka yi taron Bamako a 1966 da na Yamai a 1980 domin kusanto da rubutun Nijeriya da na Nijar. Har yanzu akwai ɗan bambanci: a Nijeriya ana rubuta 'ya'ya, a Nijar kuma ƴaƴa.

Rashin lanƙwasa yana iya juya ma'ana. Kafa daban take da ƙafa, haka baki da baƙi, da kuma daidai da ɗaiɗai. Sanarwar da ta ce a zo ɗaiɗai ba ɗaya take da wadda ta ce a zo daidai ba.

Kwamfutocin farko ba su zo da waɗannan haruffa ba. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya ƙera haruffan Hausa na kwamfuta, waɗanda aka sani da Rabi'at da Abdalla, suka kuma yi wa marubuta da maɗaba'u amfani ƙwarai. Sai dai haruffan wancan zamani suna aiki ne ta hanyar aron gurbin wasu alamomi na allon rubutu. Saboda haka idan aka buɗe takardar a kwamfutar da ba ta da irin haruffan, sai a ga }asa a maimakon ƙasa, ko ]aya a maimakon ɗaya. Duk wanda ya yi aiki da tsofaffin fayiloli ya san wannan.

Mafita a yau ita ce ƙa'idar Unicode, wadda ta fara fitowa a 1991, ta ba kowane harafi lambarsa ta dindindin a duk duniya: ɓ tana da 0253, ɗ tana da 0257, ƙ tana da 0199, alamar naira kuma 20A6. Rubutun da aka yi bisa wannan ƙa'ida ba ya lalacewa idan aka tura shi ta waya ko aka ɗora shi a intanet. Haruffa irin su Charis SIL da Doulos SIL kyauta ne, kuma suna ɗauke da dukkan haruffan Hausa. Ya kamata kundin salo ya ambaci sunan haruffan da aka amince da su, ya kuma ambaci na biyu da za a koma kansu idan babu na farko.

Launi da takarda

Cewa a yi amfani da kore bai isa ba, domin kore iri-iri ne. A kwamfuta kowane launi yana da lamba. Fuskar kwamfuta tana haɗa launi ne da haske uku, ja da kore da shuɗi, injin maɗaba'a kuwa da tawada huɗu yake aiki. Wannan ne dalilin da ya sa launin da aka gani a fuskar kwamfuta yakan fito daban a takarda. Saboda haka a rubuta lambobi biyu ga kowane launi, ta fuska da ta maɗaba'a, a ba wa launin suna, misali launin hukuma na ɗaya, sannan dokokin salo su riƙa kiran sunan maimakon maimaita lambar.

Haka kuma a tuna cewa yawancin takardun da ke isa ƙauye fotokwafi ne baƙi da fari. A tanadi tambari na biyu mai launi ɗaya wanda ba zai dusashe ba idan aka kwafa. Girman takarda kuma a tsayar da shi a kan A4, mai faɗin milimita 210 da tsawon 297, domin wasu kwamfutoci suna zuwa da awon takardar Amurka, wanda ke sa ƙasan rubutu ya yanke ko tsarin shafi ya goce.

Matakan kula da tsarin a ofis

1. A naɗa jami'i ɗaya, tare da mataimaki, wanda shi kaɗai ke da ikon gyara kundin salo. Sauran ma'aikata su yi amfani da shi ba tare da sun taɓa shi ba.

2. Kowane gyara ya kasance da amincewar shugaban sashen mulki a rubuce, a kuma shigar da shi cikin rajista: ranar gyara, abin da aka gyara, da dalili.

3. A ba kowace fitowa lamba da shekara, a rubuta su da ƙananan haruffa a ƙasan takarda, domin a san wadda ke aiki da wadda aka soke.

4. Kada a fara sabuwar wasiƙa ta hanyar buɗe tsohuwa a goge abin da ke ciki. Ta haka ne tsohon kwanan wata da sunan wani mutum ke saura a cikin takardar wani. A fara daga uwar takarda.

5. A guji gyaran kamanni da hannu. A ƙa'idar kwamfuta, gyaran da aka yi kai tsaye a kan layi yana rinjayar dokar da ke cikin kundi, saboda haka layin da aka canza da hannu ba zai bi sabon tsari ba ranar da aka sabunta shi.

6. Idan za a kai aiki maɗaba'a ko shagon buga takardu, a kai shi a matsayin PDF wanda haruffan ke ƙunshe a cikinsa, a duba gwajin farko kafin a buga da yawa, a kuma tabbatar ba a bar fayil ɗin tambari a kwamfutar shagon ba.

7. A ajiye kwafi a wurare biyu daban, ɗaya a wajen ginin ofis. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ta isa tunatarwa cewa abin da aka tara a wuri ɗaya yana iya salwanta a dare ɗaya.

8. Kada a goge tsofaffin fitowa. Wata rana za a kawo takardar da aka bayar shekaru goma da suka wuce, a bukaci sanin ko haka takardun ofishin suke a lokacin.

Game da sauyawa daga tsohon tsari zuwa sabo, layin dogo ya sake ba da misali. Layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 faɗinsa milimita 1,435 ne, haka aka tsara na Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi, waɗanda aka ƙaddamar da aikinsu a 2021. Taragon tsohon layi ba zai hau sabo ba. Haka tsohon fayil mai haruffan aro ba zai gyaru don an ɗora masa sabon salo kawai ba, sai an bi shi an musanya kowace alama da harafinta na Unicode, an kuma karanta shi daga farko zuwa ƙarshe. A sanya ranar da sabon tsari zai fara aiki, a sanar da hakimai da dagatai da masu unguwanni tun da wuri, a kuma liƙa samfurin sabuwar takarda a allon sanarwa na sakatariya.

Shawara ga al'umma

Duk wanda aka ba rasit na haraji, ko na rumfar kasuwa, ko takardar fili, ko shaidar zama ɗan asali, ya duba abubuwa biyar: cikakken sunan ofishi, lambar takarda, kwanan wata, hatimi, da sunan jami'in da ya sa hannu tare da muƙaminsa. Wanda ba ya karatun boko ya nemi ɗansa ko malamin makaranta ya duba masa kafin ya bar wurin. Idan takardar ta saɓa da samfurin da aka liƙa a sakatariya, yana da haƙƙin ya tambayi dalili.

Sai dai a sani cewa kyan kamanni ba shi ne tabbacin inganci ba, domin mai kwamfuta yana iya kwaikwayon kowane tambari. Tabbaci na ƙarshe shi ne lambar takardar ta kasance a cikin rajistar ofishin da ya bayar da ita. Kada a biya kuɗin hukuma ga wanda ya tare mutum a bakin ƙofa ko a gindin bishiya, kada kuma a karɓi takardar da aka bar gurbin lambarta ko kwanan watanta fayau. Wanda ya ga abin da bai gamsu da shi ba ya kai rahoto ga dagacinsa ko ga sashen mulki na ƙaramar hukumarsa.

Kammalawa

Daidaita kamannin takardu aiki ne da ba ya cin kuɗi mai yawa. Abin da yake bukata shi ne jami'i mai kula, da rajista, da uwar takarda ga kowane aiki, da haruffan da suka dace da harshen jama'a. Ribarsa kuwa ita ce raguwar asarar da ake yi wajen sake bugu, da saurin aiki a ofis, da kare manomi da ɗan kasuwa daga takardun bogi. Ana kira ga shugabannin sassa a ƙananan hukumomi da su tattara dukkan nau'in takardun da ofisoshinsu ke fitarwa, su jera su a kan tebur ɗaya, su duba ko sun yi kama da juna. Daga nan ne gyara zai fara.